Farfesa Hounkonnou da lissafin ƙwayoyin haske: bincikensa, abokan aikinsa da ɗalibansa

Mahouton Norbert Hounkonnou farfesa ne na lissafi da fiziks a Jami'ar Abomey-Calavi da ke kudancin Jamhuriyar Benin, kuma yana cikin masana kimiyyar ƙasar da sunansu ya fi zagaya duniya. Babban kaso na bincikensa ya shafi lissafin da ake fayyace halin haske da shi idan aka gangara zuwa ƙwaya ɗaya-ɗaya, wato fagen da ake kira kimiyyar kwantum. Aikinsa na alli da allo da takarda ne, ba ya ƙera na'urori. Tasirinsa ya fi fitowa a wurare uku: maƙalun da ya wallafa tare da masana na Turai da na Afirka, ɗaliban da ya yaye waɗanda yau suke koyarwa a Lome da Yawunde da Agadas da Paris, da kuma taron masana da ya jagoranci kafawa a Kwatano a shekarar 1999.

Hasken da ke bin hanyar Parakou zuwa Djougou

Mazaunin Zongon Parakou ko na Djougou zai iya ganin wannan ilimi ya yi masa nisa. Amma duk sa'ad da ya aika saƙon murya ta WhatsApp, saƙon yana barin eriyar kamfanin waya ya shiga wani zaren gilashi da aka binne a gefen titi. Babban layin wannan zare ya taso daga Kwatano, inda wayoyin ƙarƙashin teku na SAT-3 da ACE suke sauka, ya haura zuwa Parakou. Daga nan ya rabu biyu. Reshe ɗaya ya nufi Malanville ya tsallaka Gaya ta Nijar, ɗayan ya bi ta Djougou da Natitingou zuwa Porga a kan iyakar Burkina Faso. Tsakanin Parakou da Djougou, layin ya haɗa garuruwa biyu da fataken goro na da suke yada zango a cikinsu a kan hanyarsu daga Kano zuwa Gwanja.

Abin da ke gudu cikin zaren hasken leza ne, ana sauya masa kamanni sau biliyoyi a daƙiƙa guda domin ya ɗauki saƙo. A sarari haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Cikin gilashi gudunsa yana raguwa zuwa kimanin kilomita 200,000. Ke nan tazarar Kwatano da Parakou, wadda ta ɗan haura kilomita 400, haske yana shanye ta cikin kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa. Lissafin da ake bayanin irin wannan haske da shi shi ne wanda Hounkonnou da ɗalibansa suka shafe shekaru suna faɗaɗawa.

Haske ƙwaya-ƙwaya ne

Idan mai awo ya juye tiyar gero cikin buhu, wanda ke nesa sai ya ga kamar ruwa ne ke kwarara, alhali ƙwayoyi ne. Haka haske yake. A shekarar 1900 Bajamushe Max Planck ya nuna cewa abu mai zafi yana fitar da ƙarfinsa ne a dunƙule-dunƙule, kowane dunƙule da ƙayyadajjen adadi. A 1905 Albert Einstein ya ce shi kansa hasken ƙwayoyi ne, waɗanda daga baya aka raɗa wa suna foton. Kalmar kwantum daga harshen Latin take, ma'anarta "nawa", domin ilimi ne na abin da ke zuwa a ƙirge.

Ƙwayoyin suna da yawa ƙwarai. Leza mai ƙarfin kashi 1 cikin 1,000 na wat, irin wadda ake aiki da ita a layukan sadarwa, tana fitar da ƙwayoyin da adadinsu a daƙiƙa guda sai an rubuta 8 an jera mata sifiri 15. Saboda wannan yawa, injiniyan waya bai cika damuwa da ƙwaya ɗaya ba. Amma idan aka rage hasken har ya saura ƴan ƙwayoyi kaɗan, wasu dokoki na daban ne ke aiki. Ba a iya auna ƙwaya ba tare da an taɓa halinta ba, kuma ba a iya yin kwafinta sak, kamar yadda masana suka tabbatar da lissafi a 1982. Fagen da ke samar da waɗannan ƙwayoyi, ya sarrafa su, ya ƙirga su, shi ne kimiyyar ƙwayoyin haske.

Yanayi mai jituwa

Ginshiƙin wannan fage wani tsari ne da littattafan Faransanci suke kira états cohérents, wato yanayi mai jituwa. Erwin Schrödinger ne ya fara cin karo da shi a 1926. Bayan Theodore Maiman ya ƙera leza ta farko a Amurka a 1960, sai Roy Glauber na Jami'ar Harvard ya nuna a 1963 cewa da wannan tsari ne za a bayyana haskenta. George Sudarshan da John Klauder su ma sun ba da gudummawa a daidai wannan lokaci. Aikin ya kai Glauber ga kyautar Nobel a 2005.

Siffofi biyu ne suka bambanta wannan yanayi. Ta farko, tafiyarsa a tsare take. Hasken fitilar aci-balbal kamar hayaniyar kasuwa ne, kowa na magana a lokacin da ya ga dama. Hasken leza kuwa kamar lugude ne, taɓarya na sauka bayan taɓarya a kan kari ɗaya. Siffa ta biyu, adadin ƙwayoyinsa ba tsayayye ba ne. Suna isowa kamar ɗigon ruwan sama a kan rufin kwano: an san ƙarfin ruwan, amma ba a san lokacin da ɗigo na gaba zai faɗo ba. Idan matsakaicin adadin ƙwayoyi 100 ne a kowane walƙawa, ƙirgen zai riƙa hawa da sauka da kimanin 10. Idan 10,000 ne, da kimanin 100. Wannan rawa ba laifin na'ura ba ce, halin hasken ne, kuma tana iyakance daidaiton awon da ake yi da irin wannan haske.

Haihuwa da karatu

An haifi Hounkonnou a 1956 a Adjohoun, cikin kwarin kogin Ouémé. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Katolika ta Louvain a Beljiyam a 1992. Bincikensa na farko bai shafi haske ba. A wannan shekara ya wallafa maƙala tare da Carlo Pierleoni da Jean-Paul Ryckaert na Jami'ar Brussels a mujallar Journal of Chemical Physics, inda suka kwaikwayi kwararar ruwan sinadarin kulorin da kwamfuta, ƙwaya bayan ƙwaya.

Da ya dawo gida ya tarar da wata cibiya da ta riga ta kafu. A 1988 Farfesa Jean-Pierre Ezin ya assasa cibiyar lissafi da kimiyyar fiziks ta IMSP, wadda yanzu take Dangbo kusa da Porto-Novo, da goyon bayan cibiyar ICTP ta Trieste a Italiya. Ita ICTP masanin Pakistan Abdus Salam ne ya kafa ta a 1964 domin kada masana na ƙasashe matalauta su yanke da takwarorinsu. A IMSP Hounkonnou ya fara yaye ɗaliban digirin dakta.

Abin da ya ƙara a fagen

Lissafin Glauber ya dogara ne kan ƙa'idoji biyu na aljabara: ɗaya tana ƙara ƙwayar haske guda, ɗaya tana cire guda. Tambayar da Hounkonnou da abokan aikinsa suka daɗe suna bi ita ce, me zai faru idan aka ɗan lanƙwasa waɗannan ƙa'idoji? Ana saka wasu lambobi a cikinsu, galibi ana kiransu p da q, kamar maɓallin murɗa rediyo. Idan aka murɗa maɓallin zuwa 1, lissafin Glauber ya dawo yadda yake. Idan aka kauce daga 1, sai a sami sababbin yanayoyi, wasu da ƙwayoyin da suke zuwa a cunkushe, wasu da ƙwayoyin da suke zuwa a jere fiye da na leza. Wannan ya ba masu bincike rumbun tsare-tsare da za su gwada idan wani abu ya ƙi bin lissafin da aka saba.

Ayyuka huɗu sun isa misali. A 2007, tare da ɗalibinsa Joseph Ben Geloun da Jan Govaerts na Louvain, ya wallafa maƙala a Journal of Mathematical Physics kan tsarin Jaynes da Cummings. Wannan tsari na 1963 shi ne mafi sauƙin bayanin yadda ƙwayar zarra guda take musayar haske da wani ɗan akwati mai madubai. Irin gwajin ne Serge Haroche, haifaffen Kasabalanka, ya yi a Paris har ya sami Nobel a 2012. A 2010, tare da Bukweli Kyemba na Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ya gabatar da wani tsari mai faɗi da ya tattara lanƙwasassun aljabarori da dama a ƙarƙashin inuwa guda. A 2012, tare da Isiaka Aremua da Jean-Pierre Gazeau na Paris, ya gina yanayoyi masu jituwa na abubuwan da motsinsu kewaye ne.

Na huɗu ya fi kusa da ɗakin gwaje-gwaje. A 1991 Indiyawa biyu, Agarwal da Tara, sun yi lissafin abin da zai faru idan aka ƙara wa hasken leza ƙwaya guda tak. A 2004 Zavatta da Viciani da Bellini suka samar da wannan haske a zahiri a birnin Florence na Italiya. A 2018 Komi Sodoga da Hounkonnou da Aremua suka wallafa maƙala a European Physical Journal D da ta faɗaɗa wannan lissafi zuwa wani babban rukuni na tsare-tsaren kwantum.

Abokan aiki na waje

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma jerin sunayen da ke kan maƙalun Hounkonnou ya nuna haka. Alaƙarsa mafi daɗewa da Beljiyam take. Da André Ronveaux na Jami'ar Namur ya yi aiki kan wani rukunin jimlolin aljabara da ake warware lissafin ƙwayar zarra da su. Da Jan Govaerts ya yi rubuce-rubuce, suka kula da ɗalibai tare, suka kuma shirya taruka. A Faransa akwai Gazeau, wanda shi da Klauder suka fito da wani sabon salon yanayi mai jituwa a 1999 da har yau yake ɗauke da sunayensu.

Abin lura a wannan haɗin gwiwa shi ne alƙiblarsa. Tsarin da aka saba shi ne ɗalibin Afirka ya tafi Turai ya yi shekara huɗu ko biyar, sau da yawa ya zauna can. A nan malaman ne suke zuwa Kwatano, ɗalibi ya yi rajista a Benin, ya kare kundinsa a Benin, sunan jami'ar Benin ya fito a kan maƙalar.

Taron COPROMAPH da kujerar UNESCO

An yi taron COPROMAPH na farko a Kwatano a ƙarshen 1999, kan matsalolin zamani na fiziks da lissafi. An sake yin sa a 2001 da 2003 da 2005, ya kuma ci gaba bayan nan tare da makarantun horar da ɗalibai. Kamfanin ɗab'i na World Scientific da ke Singafo ya buga laccocin tarukan farko a littattafai. Govaerts da Hounkonnou ne editoci, tare da William Lester na Jami'ar Berkeley a littafin farko, sannan Alfred Msezane na Jami'ar Clark Atlanta a na baya. Cikin waɗanda suka koyar akwai Gerald Goldin na Jami'ar Rutgers. Ɗalibin da ba shi da kuɗin jirgi ko bizar Turai ya sami damar zama gaban waɗannan malamai ya yi musu tambaya.

Domin aikin ya sami mazauni na dindindin, Hounkonnou ya kafa cibiyar CIPMA a Jami'ar Abomey-Calavi, wadda ta zama kujerar UNESCO a 2006. Tana ba da digiri na biyu da na dakta, tana kuma karɓar ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama.

Ɗaliban da ya yaye

Mama Foupouagnigni ɗan Kamaru ya kare kundinsa a IMSP a 1998 a ƙarƙashin Hounkonnou da Ronveaux. Ya zama farfesa a Jami'ar Yawunde ta ɗaya, ya kuma shugabanci cibiyar lissafi ta AIMS da ke Limbe. Joseph Ben Geloun ɗan Senegal, bayan ya bar Kwatano, ya yi fice tare da Vincent Rivasseau a wani reshe na binciken da ke neman haɗa kwantum da ƙarfin jan ƙasa, yanzu kuma yana koyarwa a wata jami'a a arewacin Paris. Komi Sodoga da Isiaka Aremua suna Jami'ar Lome a Togo. Sama Arjika, wanda ya wallafa maƙalu tare da Hounkonnou da Ezinvi Baloïtcha, yana koyarwa a Jami'ar Agadas a Nijar. Dine Ousmane Samary ɗan Benin ya yi aikin bincike a Cibiyar Albert Einstein da ke Potsdam a Jamus.

Wasu sun zauna a waje, amma da yawa suna jami'o'in yankin, suna yaye nasu ɗaliban. Ta haka maƙalar 2018 da aka ambata ta fito daga Lome da Kwatano ba tare da sunan wani Bature a kanta ba.

Muƙamai da lambobin yabo

Hounkonnou ya shugabanci majalisar masana kimiyya da fasaha da adabi ta ƙasar Benin. A 2016 majalisar masana kimiyya ta duniya, TWAS, ta ba shi kyautar C.N.R. Rao. A 2019 aka zaɓe shi shugaban NASAC, ƙungiyar da ta haɗa majalisun masana kimiyya na ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Nairobi. A 2023 cibiyar fiziks ta Amurka, AIP, ta ba shi lambar Tate, wadda ake bai wa wanda ya yi jagoranci a fagen fiziks tsakanin ƙasashe. Wannan lambar ta ƙarshe an ba shi ita ne musamman saboda taron COPROMAPH da al'ummar masu bincike da ta taru a kewayensa.

Ina amfanin wannan ilimi?

Babban amfanin da ake hange shi ne tsaron sirri. Kuɗin da ake turawa ta waya da saƙonnin banki suna kulle ne da makullan lissafi da kwamfutar yau ba ta iya ɓallewa cikin lokaci mai ma'ana. A 1994 Peter Shor ya nuna cewa kwamfutar kwantum mai cikakken ƙarfi za ta iya ɓalle mafi yawan irin waɗannan makullai. Ɗaya daga cikin mafita ita ce a aika mabuɗin sirrin a kan ƙwayoyin haske. Tun da ba a auna ƙwaya ba tare da an taɓa ta ba, duk wanda ya saci sauraro zai bar sawu, masu layin su gane su jefar da mabuɗin. Charles Bennett da Gilles Brassard ne suka fito da dabarar a 1984. A 2002 Frédéric Grosshans da Philippe Grangier na Faransa suka nuna cewa za a iya yin ta da yanayi mai jituwa, wato da leza irin ta layukan sadarwa da aka rage wa ƙarfi.

Matsalar ita ce nisa. Zaren gilashi mai kyau yana shanye rabin haske a kowane kilomita 15. Bayan kilomita 100, kashi 1 cikin 100 ne ke saura. Tsakanin Parakou da Djougou, kimanin kilomita 135, ƙwaya 1 ce cikin kusan 500 za ta isa. Saƙon yau da kullum ana ƙara masa ƙarfi a tashoshi a kan hanya, amma saƙon kwantum ba a yi masa haka, domin ƙara ƙarfin daidai yake da kwafi. Ƙasar Sin ta kewaye matsalar ta hanyoyi biyu: tauraron ɗan'adam Micius da ta harba a 2016, da layin kilomita 2,000 tsakanin Beijing da Shanghai da aka buɗe a 2017, mai tashoshi 32 da dole a amince da masu tsaronsu.

A Afirka, ɓangaren gwaji ya fi ƙarfi a Afirka ta Kudu. An yi amfani da mabuɗin kwantum a birnin Durban lokacin gasar cin kofin duniya ta 2010, kuma ɗakin gwajin Andrew Forbes a Jami'ar Wits ya yi suna wajen sarrafa siffar haske. A Dakar, Ahmadou Wagué ya kafa ƙungiyar masu binciken leza ta LAM a 1991. A Benin, Thierry d'Almeida ya jagoranci buɗe X-TechLab a Sèmè City a 2019, inda ake horar da masu bincike kan amfani da hasken hoton ƙashi wajen duba tsarin abubuwa. Lissafin CIPMA bai zama na'ura a kasuwa ba, amma ya samar da mutanen da za su iya karanta takardun irin waɗannan na'urori su tantance abin da ake son sayar wa ƙasarsu.

Hanyar ɗalibin arewa

Ga ɗalibin da ya ci bak a sashen C ko D a makarantar Mathieu Bouké ta Parakou ko a wata makaranta a Djougou, hanyar wannan fage tana da matakai sanannu. Jami'ar Parakou, wadda aka buɗe a 2001, ta fi ƙarfi a aikin gona da likitanci da shari'a da tattalin arziki da ƙididdiga. Tsangayar kimiyya mafi kusa tana Natitingou, kimanin kilomita 80 daga Djougou, a ƙarƙashin jami'ar UNSTIM mai hedikwata a Abomey. A garin kuma akwai babbar makarantar horar da malaman lissafi da fiziks. Bayan digirin farko, ana neman na biyu da na dakta a IMSP ta Dangbo ko a CIPMA. Cibiyoyin AIMS na Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda da Afirka ta Kudu suna ba da digiri na biyu na shekara guda tare da ɗaukar nauyin ɗalibi, haka ma ICTP tana da shirin difloma na shekara guda ga ɗaliban ƙasashe masu tasowa.

Abin da fagen yake buƙata daga mai shiga shi ne ƙarfi a aljabara, da Turancin Ingilishi na karatu, domin da shi ake rubuta kusan duk maƙalun, da kuma juriyar shekara takwas ko fiye bayan bak. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana 2025 a matsayin shekarar kimiyyar kwantum ta duniya, kuma ƙasar Ghana ce ta gabatar da ƙudurin a 2024. A lokacin da aka zartar da shi, taron Kwatano yana shirin cika shekara 25 da farawa.